Michael Madigan: shekara 50 a majalisar jihar Illinois da yadda neman wa yara aiki ya kai shi kurkuku

A kudu maso yammacin birnin Chicago, daura da filin jirgin sama na Midway, akwai wata gunduma da ake kira ta 13. Unguwa ce ta ma'aikata, gidajen bulo ƙanana a jere, a da mazaunanta akasari jikokin baƙi ne daga Ireland da Poland da Lithuania, yanzu kuma 'yan asalin Mexico sun fi yawa. A nan aka haifi siyasar Michael Madigan, mutumin da ya shiga majalisar wakilan jihar Illinois a Janairun 1971 bai fita ba sai Fabrairun 2021. A cikin waɗannan shekaru ya riƙe kujerar kakakin majalisa na tsawon shekara 36, abin da babu wani shugaban majalisa, ta jiha ko ta tarayya, da ya taɓa yi a tarihin Amurka. Daga 1998 kuma ya haɗa da shugabancin jam'iyyar Democrat ta jihar baki ɗaya.

An haife shi a 1942. Mahaifinsa shi ne jami'in da ke kula da shara da tituna a gundumar, kuma ɗan gani-kashe-nin jam'iyya ne. A Chicago ta wancan zamani wannan muƙami ba ƙarami ba ne, domin wanda ke da ikon cewa a kwashe sharar layin nan yau, a cike ramin titin can gobe, shi ne yake da bakin neman ƙuri'a. Yaron ya yi aiki a motar shara lokacin hutu, ya yi digiri a Notre Dame, ya karanta lauya a Loyola. Magajin gari Richard J. Daley, wanda ya mulki Chicago daga 1955 har rasuwarsa a 1976, shi ya ɗauke shi a matsayin yaronsa. A 1969, yana ɗan shekara 27, Madigan ya zama shugaban jam'iyya na gunduma ta 13. Ya kuma zauna a taron da ya rubuta kundin tsarin mulkin jihar na 1970, kundin da daga baya ya san lungu da saƙonsa fiye da kowa.

Tsarin Daley mai sauƙin fahimta ne. Kowace rumfar zaɓe tana da wakilin jam'iyya. Wakilin yana da aiki a ma'aikatar birni ko ta ƙaramar hukuma, aikin da shugaban gunduma ya samo masa. Da yamma da ƙarshen mako yana bin gida-gida, ya san wanda ke neman a sare masa reshen bishiya, ya san gwauruwar da takardar harajinta ta rikice. Ranar zaɓe ya kawo ƙuri'u. In ya kawo, aikinsa na nan, wataƙila har da ƙarin girma. In ya kasa, akwai mai jiran gurbin. Madigan ya ɗauki wannan darasi tun yana matashi, kuma duk wanda ya bi tarihinsa zai ga bai taɓa sauke shi ba.

Matsalar ita ce kotuna sun fara toshe wannan hanya tun yana sabon ɗan majalisa. Ƙarar da wani lauya mai suna Michael Shakman ya shigar ta haifar da umarnin kotu a 1972 da 1983 wanda ya hana kora ko ɗaukar ƙananan ma'aikata bisa siyasa a Chicago. A 1990 Kotun Ƙolin Amurka, a wata shari'a da ta taso daga Illinois ɗin, ta faɗaɗa haramcin. Rijiyar da Daley ya sha ta fara ƙafewa, amma masu ƙishin ba su ragu ba. Inda Madigan ya je nemo musu ruwa shi ne asalin labarin da ya ƙare a gaban alƙali.

Kafin nan dai, sai da ya mallaki majalisar. Abin dariya shi ne wani ɗan gwagwarmayar kawo gyara, Pat Quinn, shi ya share masa hanya ba da niyya ba. A 1980 Quinn ya jagoranci gyaran kundin tsarin mulki da ya rage kujerun majalisar wakilai daga 177 zuwa 118, ya kuma soke tsohon tsarin da kowace mazaɓa ke aika wakilai uku, wanda ke ba 'yan ba-ruwanmu da masu taurin kai damar tsira ko jam'iyya ba ta so. Da aka koma mazaɓa ɗaya wakili ɗaya, sai kowane ɗan takara ya zama yana buƙatar kuɗi da ma'aikata da taswirar da ta dace da shi. Duka ukun kuwa a hannun shugabannin majalisa suke.

Taswirar ma sa'a ta taimaka. A Illinois, in an kasa daidaitawa kan shata mazaɓu, hukuma mai mutum takwas ce ke karɓar aikin, in ita ma ta cije sai a canki suna ɗaya cikin biyu don raba gardama. A 1981 canken ya faɗa wa 'yan Democrat, Madigan ya zana taswira, jam'iyyarsa ta lashe zaɓen 1982, ya zama kakaki a 1983. A 1991 canken ya faɗa wa 'yan Republican, suka zana tasu. Duk da haka sau ɗaya kacal suka iya ƙwace majalisar, a guguwar 1994, inda Lee Daniels ya zama kakaki na shekara biyu. A zaɓen 1996 Madigan ya dawo, a kan taswirar da abokan hamayya suka zana don su binne shi. Ko maƙiyansa ba sa musun wannan bajinta.

Lissafinsa kullum ɗaya ne: 60. A majalisa mai kujeru 118, ƙuri'a 60 ce ke zartar da doka, ita ce kuma ke naɗa kakaki. Duk abin da yake yi yana komawa ga kare wannan adadi. Yana riƙe da asusun yaƙin neman zaɓe guda huɗu: nasa na kansa, na 'yan Democrat na majalisa, na jam'iyyar jiha, da na gunduma ta 13. Ƙungiyoyin ƙwadago da lauyoyi masu shigar da ƙarar diyya su ne manyan masu zuba kuɗi. Ɗan majalisar da kujerarsa ke rawa za a aiko masa da kuɗi, da ma'aikatan kakaki da suka ɗauki hutu, da wakilan rumfuna daga gunduma ta 13 da za su bi masa gida-gida. Har ma a kan ce masa ya ƙi wani ƙuduri na jam'iyya in hakan zai cece shi a mazaɓarsa, muddin an riga an ƙirga 60 ba da shi ba. Abin da ake nema a wajensa ƙuri'a ɗaya ce, wadda ake kaɗawa ranar buɗe sabuwar majalisa.

Cikin zauren kuma dokokin majalisa sun ba kakaki kusan komai. Shi ke naɗa shugabannin kwamitoci, muƙaman da ke zuwa da ƙarin alawus. Kowane ƙuduri sai ya bi ta kwamitin dokoki, wanda amintattunsa suka cika, kuma abin da bai so ba a nan yake kwana har majalisa ta tashi. Ba ya hayaniya, ba ya zagi, shi ya sa aka yi masa laƙabi da guduma mai rufin karammiski. An san shi da cin tuffa ɗaya a matsayin abincin rana, yana yanka ta a ofis. An san ba ya amfani da imel, kuma shekaru da yawa an ce ko wayar hannu ba ya riƙewa. 'Yan jarida kan yi makonni ba su ji muryarsa ba. A Janairun 2017, ɗan Democrat ɗaya tak, Scott Drury, ya ƙi zaɓensa kakaki. Da aka raba wa 'yan jam'iyya kyautar agogon tebur mai ɗauke da sunan Madigan, kowa ya samu ban da Drury. Ƙaramin abu ne, amma kowa a zauren ya gane karatun.

Akwai wani dare da ke nuna yadda ake aiki a lokacin. Ranar 30 ga Yunin 1988 ƙungiyar wasan baseball ta White Sox na shirin ƙaura zuwa Florida in jiha ba ta gina mata sabon filin wasa ba. Bisa ƙa'idar lokacin, in sha biyun dare ta wuce, ƙudurin zai buƙaci kashi uku cikin biyar na ƙuri'u, wanda babu. Gwamna Jim Thompson, ɗan Republican, ya sauko zauren da kansa yana bin kujera-kujera, Madigan na matsa nasa mutanen. Aka samu ƙuri'a ta 60, mai jagorantar zaman ya ce ƙarfe 11:59 ne, alhali agogon mutane da dama ya riga ya gota sha biyu. White Sox na Chicago har yau.

Ya yi aiki da gwamnoni bakwai yana kakaki. Da 'yan Republican na farko, Thompson da Jim Edgar da George Ryan, ciniki ake yi, ka ba ni in ba ka. Wanda suka fi tsamin dangantaka da shi ɗan jam'iyyarsa ne, Rod Blagojevich, har ta kai ba sa zama ɗaki ɗaya. Da hukumar FBI ta kama Blagojevich a Disambar 2008 kan yunƙurin sayar da kujerar sanata da Barack Obama ya bari, majalisar Madigan ta amince da tuhumar tsige shi da ƙuri'a 114 da 1, majalisar dattawan jihar kuma ta sauke shi. A lokacin Madigan ne ya fito a matsayin dattijon da ya tsare mutuncin jiha. 'Yarsa Lisa kuma ta riƙe muƙamin babbar lauyar jiha daga 2003 zuwa 2019. A 2013 ta faɗa a fili cewa ba za ta nemi gwamna ba muddin mahaifinta na kakaki, shi kuwa bai ga dalilin sauka ba.

A ganina babban laifinsa ga talakan Illinois ba ya cikin takardar tuhuma. Yana cikin asusun fansho. Kundin 1970 ya ce ba a rage wa ma'aikacin gwamnati haƙƙin fanshonsa. Shekara da shekaru gwamnoni na jam'iyyun biyu da majalisa suna ƙara alkawari, suna kuma tsallake zubin da ya kamata a yi, domin ƙara haraji na iya kayar da ɗan majalisa, rage alkawari kuma na iya ɓata wa ƙungiyoyin ƙwadago rai. Duka biyun barazana ce ga 60. Giɓin ya haura dala biliyan 130. Gyaran da aka yi a 2013, wanda Madigan da kansa ya tura, Kotun Ƙolin jihar ta soke shi a 2015. Ba shi kaɗai ya haƙa ramin ba, amma gwamnoni sun zo sun tafi, shi yana nan.

Sai Bruce Rauner, attajiri ɗan Republican, ya ci gwamna a 2014 da alkawarin karya ƙungiyoyin ƙwadago da karya Madigan. Aka yi shekara biyu cur, daga Yulin 2015 zuwa Yulin 2017, jihar ba ta da cikakken kasafin kuɗi. Bashin da ba a biya ba ya kai wajen dala biliyan 15. Jami'o'in gwamnati sun sallami ma'aikata, cibiyoyin kula da tsofaffi da masu taɓin hankali da matan da aka ci zarafinsu sun rufe ko sun rage aiki. A ƙarshe Madigan ya jawo wasu 'yan Republican, aka tsallake kujerar na-ƙi ta gwamna, aka ɗaga harajin kuɗin shiga daga kashi 3.75 zuwa 4.95. Rauner ya faɗi zaɓen 2018. Madigan ya ci wannan yaƙi, sai dai miliyoyin dalolin da Rauner ya kashe a talla sun mayar da sunansa abin ƙyama a faɗin jihar, har 'yan takarar Democrat a ƙauyuka suka fara kame-kame in an tambaye su ko za su zaɓe shi. A 2018 ɗin kuma zarge-zargen cin zarafin mata a cikin tawagarsa suka fito, shugaban ma'aikatansa na shekaru da dama, Tim Mapes, ya sauka.

Duk wannan lokaci masu bincike na tarayya suna sauraro. A Illinois aikin ɗan majalisa ba na cikakken lokaci ba ne, don haka Madigan na da ofishin lauyoyi, Madigan & Getzendanner, wanda sana'arsa ita ce nema wa masu manyan gine-gine ragin harajin kadara. Doka ba ta hana ba, amma kowa ya san dalilin da zai sa mai bene a tsakiyar Chicago ya zaɓi ofishin kakakin majalisa. Wani kansila, Danny Solis, shugaban kwamitin da ke ba da izinin gini a majalisar birni, FBI ta kama shi da nasa laifin, ya yarda ya ɗauki na'urar naɗar murya da hoto a ɓoye. A wata waya a 2017 Solis ya ce wa Madigan wasu magina sun fahimci cewa abin ba-ni-in-ba-ka ne. Madigan bai katse shi ba. Da suka haɗu ido da ido daga baya, sai ya ja shi gefe ya ce ya daina irin wannan magana. Masu gabatar da ƙara sun ce wannan shaida ce ta mai sanin abin da yake yi. Lauyoyinsa sun ce shaida ce ta mai ƙin abin.

Babban kifin shi ne ComEd, kamfanin da ke raba wutar lantarki a arewacin jihar. Kuɗin da kamfani irin wannan ke caji doka ce ke tsara shi, don haka ribarsa na hannun majalisa. A 2011 ya samu dokar da ta sauya yadda ake lissafin kuɗin wuta, a 2016 ya samu wata da ta tallafa wa tashoshin nukiliya na uwar kamfanin, Exelon. A Yulin 2020 ComEd ya amsa a gaban kotu cewa daga 2011 zuwa 2019 ya yi ta samar wa mutanen Madigan aiki da kwangila don neman yardarsa, ya kuma yarda ya biya tarar dala miliyan 200. Kimanin dala miliyan 1.3 sun tafi ga wasu tsofaffin kansiloli da wakilan rumfuna, waɗanda aka saka a matsayin ƙananan 'yan kwangila ƙarƙashin wani mai kamun ƙafa, suna karɓar dubban daloli duk wata ba tare da wani aikin kirki ba. Ma'aikatan bogi ke nan, sai dai a kamfani mai zaman kansa. Har guraben ɗalibai masu koyon aiki lokacin hutu an ware wa gunduma ta 13 nata kason.

Mai kai saƙo tsakani shi ne Michael McClain, tsohon ɗan majalisa, aminin Madigan tun shekarun 1970, wanda ya koma kamun ƙafa wa ComEd. A wayoyi da saƙonninsa ba ya ambaton sunan kakaki, sai ya ce “abokinmu”. Taka-tsantsan ɗin Madigan na ƙin rubuta komai bai yi amfani ba, tunda amininsa na rubutawa kuma yana magana.

Faɗuwar tasa ta zo ta hanyar lissafin da ya fi kowa iyawa. A zaɓen Nuwamban 2020 'yan Democrat sun yi asarar wasu kujeru, gyaran tsarin haraji da Gwamna J.B. Pritzker ya kashe maƙudan kuɗi a kai ya faɗi, manyan jam'iyya irin su Sanata Dick Durbin suka ce sunan Madigan ya jawo musu. 'Yan majalisa 19 na jam'iyyarsa, da yawansu mata daga unguwannin bayan gari, suka ce ba za su zaɓe shi ba ko ana ha-maza-ha-mata. A ƙuri'ar cikin gida ya samu 51. Ya dakatar da takararsa, ranar 13 ga Janairun 2021 Emanuel Chris Welch ya zama kakaki, baƙar fata na farko a kujerar. A Fabrairu Madigan ya ajiye kujerarsa ta majalisa da shugabancin jam'iyya. Matashin da ya zaɓa da hannunsa ya gaje shi a mazaɓar kwana uku kawai ya yi ya sauka, aka sake naɗa wata.

An gurfanar da shi a Maris 2022. A Mayun 2023 aka samu McClain da tsohuwar shugabar ComEd, Anne Pramaggiore, da wasu biyu da laifi a tasu shari'ar. Mapes ya tafi kurkuku kan yi wa masu bincike ƙarya don kare maigidansa. Shari'ar Madigan ta jinkirta saboda wani hukunci da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a Yunin 2024, wanda ya ce dokar cin hanci ta tarayya da ake amfani da ita kan jami'an jihohi ba ta shafi tukwicin da aka bayar bayan an gama aiki ba, sai wanda aka ƙulla tun farko. Wannan ya ba lauyoyinsa makami. Hujjarsu ita ce ba a taɓa nuna inda ya ce a ba wane aiki in zartar da doka kaza ba. Shawara kawai yake bayarwa, kamar yadda kowane ɗan siyasa ke yi wa wanda ya zo neman taimako.

Ya ba kowa mamaki da ya hau akwatin shaida da kansa a Janairun 2025, mutumin da ya shekara hamsin yana tauna kowace kalma. Ya ce shi mai taimakon mutane ne, kuma bai san cewa waɗancan ba sa aiki ba. Ranar 12 ga Fabrairu masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifi a tuhuma 10 cikin 23, suka wanke shi a 7, suka kasa cimma matsaya a 6, ciki har da babbar tuhumar cewa ya mayar da ofisoshinsa ƙungiyar aikata laifi. Laifukan da suka tabbata sun shafi ma'aikatan bogi na ComEd da alkawarin nema wa Solis kujera a wata hukumar jiha a madadin kawo wa ofishin lauyoyinsa ciniki. Gwamnati ta nemi shekara 12 da rabi, lauyoyinsa suka nemi a bar shi a gida saboda shekarunsa da rashin lafiyar matarsa. Ranar 13 ga Yunin 2025 Alƙali John Blakey ya ɗaure shi shekara bakwai da rabi da tarar dala miliyan 2.5, ya kuma ce ya yi ƙarya a akwatin shaida. Ya ɗaukaka ƙara, ya shiga kurkukun tarayya a Oktoba yana ɗan shekara 83.

Rabuwar kan masu yanke hukuncin ba abin mamaki ba ne. Ba a kama shi da jakar kuɗi ba, kuma mafi yawan abin da aka nuna a kotu abu ne da a Chicago ta 1969 ko kallo ba zai ja ba: shugaban gunduma ya ɗaga waya ya nema wa yaronsa aiki. Bambancin shi ne mai biyan albashin yanzu kamfani ne da ke da ƙuduri a gaban kakakin, kuma kamfanin ya san abin da yake saye ko da ba a furta ba. Kuɗin kuwa a ƙarshe daga aljihun masu biyan kuɗin wuta yake fitowa, waɗanda ba a taɓa tambayarsu ba.

Majalisar da ya bari ta sa wa kakaki iyakar shekara goma. Sauran kayan aikin suna nan yadda ya bar su. Kwamitin dokoki na nan, asusun yaƙin zaɓe na hannun shugabanni, kuma 'yan majalisa ne ke zana mazaɓunsu, domin yunƙurin miƙa aikin ga hukuma mai zaman kanta ya mutu a Kotun Ƙolin jihar a 2016, a ƙarar da wani lauya na kusa da Madigan ya shigar. Da taswirar da magadansa suka zana a 2021, 'yan Democrat sun ci kujeru 78 cikin 118 a zaɓen 2022, fiye da duk abin da shi kansa ya taɓa samu.